Ramukan Iskar da Na Toshe a Nkembo

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga 'yata Rahinatu, wadda bakina ba ya iya kiran sunanta tunda na mahaifiyata ne, Mamana.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka lafiya, kin huta gajiyar jirgi da ta mota, kin kuma tarar da Goggonki da mutanen gidanta cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya tsare ki a inda idona ba ya kaiwa. Na sa ummanki ta saka takardar a cikin akwatinki don ki karanta ta a natse, ba a tsaye a bakin ƙofa ana ta sallama ba.

Ba zan ba ki labarin gida ba, tunda yanzu kika baro shi. Magana ɗaya ce ta sa na ɗauki biro.

Shekaranjiya muna cin abincin rana kika gama waya da 'yar Goggonki, wadda ta riga ki shiga sashen kula da gidaje da filaye a jami'ar. Kika ajiye cokali kika ce, "Baba, wai ashe ba sa koyarwa. Sai su raba ɗalibai rukuni-rukuni, su miƙa musu takarda mai labarin wani gini da ya shiga matsala, su ce ku je ku warware. Malamin yana zaune kamar baƙo, in an tambaye shi sai ya mayar da tambaya. Ni dai da na isa zan nemi a sauya mini sashe." Na ce Allah Ya zaɓa mafi alheri, na ci gaba da cin abincina. Amma abincin bai ƙara yi mini daɗi ba, domin na san tun kina lise, wato sakandare, babu abin da kike so kamar wannan karatu. Ke ce mai tsayar da ni a hanya kina tambayar me ya sa wancan bene ya tsage, me ya sa shagunan wancan layi kullum a rufe.

Ba ke kaɗai ke da wannan zato ba. Mutane da yawa, har da masu manyan takardu, sun ɗauka ilimi shi ne abin da malami ya faɗa ɗalibi ya rubuta, ya haddace, ya ajiye, ranar da matsala ta zo ya ɗauko ya shafa mata kamar magani. In malami bai cika allo ba sai a ce bai yi aiki ba. Su kuwa malaman da za ki tarar sun juya abin ne da gangan: matsalar suke fara miƙa miki, ita kuma ta nuna miki abin da ba ki sani ba, sannan ki tafi ɗakin karatu da yunwar da za ta sa abin ya zauna. Zan iya yi miki dogon bayani a kan haka, malanta ce sana'ata. Amma gara in gaya miki abin da na aikata, wanda ban taɓa gaya miki ba.

Kina goye a lokacin. Alhaji Ɗanlami, wanda yake da shagon atamfa a kasuwar Mont-Bouët, ya koma garin Ntoum da zama, ya bar gidan hayarsa na nan unguwar Nkembo, a wannan ƙasa da muke baƙunci, babu mai kula. Ɗakuna takwas ne a jere ƙarƙashin rufi ɗaya, a gindin gangara. Ya kira ni ya ce, "Malam, kai mai ilimi ne, ka koyar a makarantar gwamnati a Kano. Ka riƙe mini gidan nan." Kalmar nan ta mai ilimi ta yi mini daɗi fiye da yadda ya kamata.

Kuka na farko da aka kawo mini daga Idi tela ne, mutumin Damagaram, wanda yake ɗaki na uku da matarsa da tsohuwar mahaifiyarsa, Iya. A saman bangon bayan kowane ɗaki akwai jerin bulo mai ramuka, irin wanda kika saba gani a gidajen garin nan. To, hanyar da ta bi ta bayan gidan ta fi gidan tudu, don haka duk mai wucewa idonsa daidai yake da ramukan. Idi ya ce, "Malam, iyalina ba su da sutura. Mace ba ta isa ta cire ɗankwali a ɗakinta ba." Sauran 'yan'uwanmu Musulmi da ke gidan suka ce haka ne.

Ni kuwa ban ga abin tunani a ciki ba. A gidanmu na Kano bangon baya ba shi da ko kafar allura, kuma lafiya muka girma. Na kira wani tsohon magini ɗan ƙasa, Papa Ndong, na ce ya toshe ramukan duka da siminti. Ya daɗe yana kallon bangon, sannan ya ce mini da Faransanci, "Malam, ka taɓa kwana a ɗakunan nan da damina?" Na ce ban kira shi don hira ba. Ya ɗaga kafaɗa ya kwaɓa simintinsa.

Mutum ɗaya ce ta hana. Maman Odette, 'yar ƙasar nan mai sayar da soyayyen kifi, wadda ta fi kowa daɗewa a gidan, ta tsaya a ƙofar ɗakinta na takwas da ludayi a hannu. "Farfesa," haka take kirana don tsokana, "ka toshe na mutanenka. Nawa kuwa in ka taɓa shi, da kai da simintin zan soya." Aka yi dariya, ni ban yi ba. Na sa a raina cewa mace ce mai neman rigima, na bar ta.

Wannan shi ne kuskurena na farko, Mamana. An kawo mini matsala, sai na ɗauko amsar da na zo da ita daga wata ƙasa na ɗora mata. Ban tambayi kaina me ya sa wanda ya gina gidan ya bar ramukan ba. Duk abin da kika tarar a jikin gini, ko ya yi miki kama da wauta, wani ne ya sa shi don wani dalili. Ki nemo dalilin kafin ki taɓa shi. Idan an miƙa muku takarda a rukuni, za ki ga wani ya yi tsalle da amsa kafin a gama karantawa. Sau da yawa shi ne ya fi kowa ƙoƙari a ajin. Kada ki raina shi, amma kada ki bi shi da gudu.

Da rani na yi wannan aiki, lokacin da sama take lumshe babu ruwa, kowa yana ta sa mini albarka. Sai damina ta faɗi. Kin san ruwan garin nan, ba ya neman izini kuma ba ya gaggawar tafiya. Kafin wata biyu bangon ɗakunan ya yi baƙi-baƙi, fumfuna ta hau takalma, ta hau katifu, ta shiga akwatunan mata. Idi ya kawo mini shaddar wani mutum da aka ba shi ɗinkin aure, ta yi tabo kore kamar burodin da ya kwana bakwai. Ya shimfiɗa ta a gabana kawai.

Na ɗaga kai na dubi silin, na ga ɗigon ruwa ya taru a jikinsa. Nan take na yanke hukunci: kwano ne ke yoyo. Na hau taksi har Ntoum na gaya wa Alhaji. Ya ce, "Ka tabbata, Malam?" A cikin zuciyata ban tabbata ba. Amma mutumin da ya kira ni mai ilimi, ta yaya zan buɗe baki in ce masa ban sani ba? Na ce, "Ranka ya daɗe, babu shakka." Aka yaye kwanon gidan gaba ɗaya a tsakiyar damina, mutane suka kwashe kayansu suka jibge ƙarƙashin tamfol kwana uku, aka buga sabo. Aka kankare bango aka shafa fenti. Bayan mako uku baƙin ya huda fentin ya fito, kamar ba a yi komai ba.

Kuskure na biyu ke nan, kuma ya fi na farko muni, domin na farko jahilci ne, wannan kuwa girman kai ne. Abin da za ki fi jin nauyinsa a wancan aji shi ne ki ce ban sani ba a gaban sa'anninki. Ke da kika saba zuwa ta ɗaya, na san zai yi miki ɗaci. Ki faɗa. Su malaman ma abin da suke jira ke nan, domin daga nan karatun yake farawa. In kuka jera abubuwan da ba ku sani ba, wannan jeri shi zai kai ki ga littafin dokar haya, ko na kimanta gini, ko na yadda danshi yake tafiya a bango. Kuma kada ki ji an ce babu shifta ki ɗauka babu karatu. Za ki karanta fiye da wanda ake yi wa shifta. Bambancin kawai, za ki san abin da kike nema.

Duk wannan lokaci Iya tana tari. Tsohuwa ce mai fama da ƙirji tun asali, amma da lafiyarta ta zo, har tana zama a tsakar gida tana tsinke wa ɗanta zare. Yanzu ta koma kwance. In na shigo da safe ina jin numfashinta daga ƙofar gida, kamar ana ja da ƙyar ta cikin kara. Idi ya kai ta asibiti, likita ya tambaye shi irin ɗakin da take kwana. Da ya dawo ya same ni a bakin masallaci bayan azahar ya ce, "Malam, na roƙe ka don Allah, ka zo ka shiga ɗakin nan ka zauna. Ba leƙe ba. Ka zauna."

Sai a ranar na lura ban taɓa zama a ko ɗaya daga cikin ɗakunan ba. Mu muna can saman tudu a gida mai tagogi. Na shiga na ja ƙofa na zauna a bakin katifa. Kafin in gama gaisawa da Iya rigata ta manne a bayana. Iskar ɗakin nauyi gare ta, tana warin tsumma jiƙaƙƙe. Iya ta dube ni ta ce, "Sannu da ƙoƙari, ɗan nan. Allah Ya biya ka." Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Washegari na nemo Papa Ndong. Na ce masa, "Baba, na kasa. Gaya mini abin da zan yi." Ina tsammanin zai ce ai na gaya maka. Bai ce ba, bai kuma ba ni amsa ba. Ya ce in tara mutanen gidan. Ranar Lahadi da hantsi muka zauna a tsakar gida, shi kuma ya jawo wani bulo ya zauna can gefe yana gyara igiyar takalminsa.

"Ɗaki nawa ne suka yi baƙi?" in ji shi.

Na ce, "Duka."

"Ka ƙirga, ko ka ji an ce?"

Na tashi na bi ɗaki-ɗaki. Bakwai. Da na zo na takwas Maman Odette ta wangale ƙofa ta ce, "Shigo, Farfesa, ka kawo jan bironka ka ba ni maki." Bangonta fes. Katifarta a bushe. Ina tsaye a tsakiyar ɗakin ina jin iska tana shafa mini ƙeya.

Na fito, Papa Ndong ya ce, "Rufinta daban ne da na sauran?"

Na ce, "Ɗaya ne."

"To."

Abin da ya ce ke nan, to. Ya koma kan takalminsa. Sai mutane suka fara magana. Wani ya ce shi ya lura baƙin ya fi yawa a sama, daidai inda aka toshe. Matar Idi daga bakin labule ta ce ranar da aka yi ruwa sosai ba ta ganin ɗigo a silin kamar ranar da ta shanya wanki a ɗaki ko ta dafa ruwan zafi. Maman Odette ta ce, "Mutum uku suna numfashi a cikin tukunya an rufe murfi, ina kuke so ruwan ya tafi?" Kowa yana riƙe da guntun amsar tun watanni. Ni ne ban taɓa tara su ba, don ina ganin ni aka ba gidan.

Na ce to a fasa simintin. Idi ya ce, "A fasa, mu koma gidan jiya? Iyalina fa?" Gaskiyarsa. Matsalar farko tana nan ba ta je ko'ina ba. Aka yi ta kai da kawowa, wani ya ce labule, aka ce zai jiƙe ya ruɓe. Wani ya ce a ɗaga katanga a baya, aka ce za ta tare iskar. Can sai Idi da kansa ya karkata tafin hannunsa ya ce, "In aka jera katako a kwance haka, bakinsa yana kallon ƙasa ta waje, ai mai wucewa katako zai gani." Maman Odette ta ce a ƙara raga saboda sauro. Papa Ndong ya miƙe ya kakkaɓe wandonsa ya ce gobe zai zo da guduma.

Na taka masa zuwa bakin titi na ce, "Baba, tun ranar farko ka san haka za a yi. Me ya hana ka faɗa?" Ya ce, "Na tambaye ka, ka ce ba hira ka kira ni ba. Kuma da na faɗa maka yau, gidan nan kaɗai za ka gyara. Gida na gaba sai ka sake nemana, ni kuma na tsufa."

Mamana, wancan malami da 'yar Goggonki ta ce yana zaune kamar baƙo, ki lura da shi da kyau. Ba zan rufe ki ba, akwai malamin da zai fake da wannan tsari don ya huta, kamar yadda za ki samu ɗalibin da zai kwanta a bayan rukuni a yi masa aiki. Amma za ki gane na kirki da tambayarsa. In ya yi ta, za ki ji ta tashe ki daga kujera ta aike ki wani wuri. Kuma a rukuninku ki saurari wadda ba ki so, da wanda harshensa bai goge ba. Wannan sana'a da kika zaɓa rabinta gini ne, rabinta mutanen da ke kwana a cikinsa, kuma su ba sa zuwa da lambar shafi.

Ɗakunan sun bushe cikin makonni. Iya ba ta murmure ba. Idi ya mayar da ita Damagaram inda iska take a bushe, bayan shekara aka aiko ta rasu. Na sani ajali ne, kuma tsohuwa ce mai ciwo. Idi bai taɓa ɗora mini ba, har yau in mun haɗu a kasuwa shi yake fara miƙo hannu. Amma watanni huɗu ta yi tana shaƙar iskar da ni na rufe, kuma a cikinsu akwai makonnin da na ɓata ina kare kalmar babu shakka. Duk sallar da na tuna ina sa ta a addu'a. Ke ma ki sa ta. Ina gaya miki ne don ki san takardar da za a miƙa muku a aji ba wasa ba ce. A can in kun yi kuskure, malami zai yi tambaya ku gyara. Ni a kan mutane na koyi nawa.

Saura kuskure ɗaya, kuma a kanki na yi shi. Bayan duk wannan, da kika fara makaranta, ban iya ganin kin ɗaure fuska a kan aikin gida ba. Da kin ce, "Baba, wannan ya ƙi," sai in karɓe biro in ce kawo ki gani. Ummanki ta sha cewa, "Malam, ka bar ta ta ɗan wahala mana." Sai in ce yarinya ce. 'Ya'yan 'yan kasuwa da nake koyarwa ina barinsu su yi gumi, ke kuwa tausayi ya hana ni. Shekara goma sha biyu ban taɓa barinki ke da tambaya ku kaɗai na tsawon shan shayi ba. Don haka da na ji kin ce wannan ba karatu ba ne, ban ji muryarki ba, aikina na ji. Tsoron da kike ji ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne. Ba a taɓa barinki kin gwada ba ne. Ki yafe mini.

Ba zan hana ki sauya sashe ba, ke za ki yi karatun. Alfarma ɗaya nake nema: kada ki kai takardar sauyin sai kin cika zango ɗaya. Kuma kafin a fara darasi ki gwada wannan da kanki. A ɗakin kwanan ɗalibai da za a ba ki ba za a rasa abin da ya lalace ba, ko ƙofar da ke cijewa, ko famfon da wani bene yake samu wani ba ya samu. Ki zaɓi ɗaya. Ki ɗauki takarda ki rubuta abin da idonki ya gani, daban da abin da kike zato, daban da abin da ba ki sani ba. Ki nemi matar da ke share wurin ki gaishe ta da ladabi ki tambaye ta tun yaushe. Ki jawo 'yan ɗakinku biyu su yi miki gardama. Ki ba abin mako guda kafin ki ce ga dalili.

In ya cije miki, na san za ki kira ni. Ki kira, ina son jin muryarki. Amma amsar ba zan ba ki ba ko na san ta, kuma ki sani a ranar ni zan fi ki shan wahala.

Allah Ya buɗa miki ƙirji, Ya haɗa ki da malamai masu tsoronSa da abokai na gari. Ya kare ki daga sharrin hanya, da na mutane, da na zuciya. Ya sa duk gidan da za a danƙa a hannunki mutanen cikinsa su kwana lafiya. Ki riƙe salla a kan lokacinta. Ki gaida Goggonki da kyau. Ummanki tana sa miki albarka, ni ma na sa. Na bar ki a hannun Wanda ajiyarSa ba ta ɓata.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
daga Nkembo.